Hannun Baffa a Bakin Tukunya

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya aike ni kasuwar tsuntsaye ta Aziziya in sayo wa kanarinsa abinci. Ni direban gidansu ne a nan Riyadh, irin wannan aike ba ya damuna. Mai shagon ya kwance bakin buhu ya ce, "Dukhun," wato gero a bakinsu. Na tura hannu cikin buhun har wuyan hannu, yadda duk ɗan manomi zai yi ba tare da ya yi niyya ba. Sanyin ƙwayar ya ratsa yatsuna, ƙanshin rumbu ya taso mini. Mutumin yana ta tambayata kilo nawa, ni kuwa tuni na bar Aziziya. Ina tsaye a bayan ɗakin kakarmu, gaban wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka, da shaidar tafin hannu a kan lakar.

Ban yi boko ina yaro ba. Sai yanzu da furfura ta fara leƙowa nake koyon rubutu wajen wani ɗalibi ɗan ƙasarmu a unguwar Malaz. Tun da hannuna ya fara sabawa da biro nake son in ajiye wannan magana a wani wuri da ba ƙirjina ba. Saboda haka, mai karatu, ka yi haƙuri da ni, a hankali zan tafi.

Gidanmu gidan gandu ne. Gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke ci, kuma mai gandun shi ne Baffa, yayan mahaifina. Muna da wani irin gero da babu mai shi a ƙauyen sai mu. Zangarniyarsa doguwa ce, kuma gashi gare ta mai tsini, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta. Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauko suka share gonakin mutane, tamu ce kaɗai ta tsaya cik. Duk da haka maƙwabta ba su nemi irin ba, don mata ba sa son sussukarsa, ƙaiƙayinsa yana kwana a jiki. Inna takan ce wanda ya fara kawo wannan gero gidan nan bai taɓa riƙe taɓarya ba.

Ga yadda muke ajiye shi. In an gama girbi, mai gandu zai zauna ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya murje su da hannunsa, ya gauraya ƙwayar da toka don ƙwari. Sai ya zuba a babbar tukunya, ya kifa sakaina a baki, ya yaɓe da laka. Kafin lakar ta bushe, sai ya danna tafin hannunsa na dama a kai. Hannun da ya rufe, shi ne yake buɗewa ranar da ruwan shuka ya sauka. Ba a fasa lakar wani sai in mai ita ya mutu. Baffa da kansa bai taɓa fasa ta mahaifinsa ba sai daminar da ta biyo bayan rasuwarsa. Ban san ko akwai wani gida da ke yin haka ba, amma mu a haka muka tashi.

Baffa dogo ne, mai magana a hankali. Ya ɗan taɓa elementare kafin a cire shi ya dawo gona, don haka shi ke karanta wa mutane duk takardar da ta zo daga gari. Da aka kafa ƙungiyar manoma, shi aka ba shugabanci. Na ji manya suna ba da labarin shekarar da takin zamani ya iso bayan gero ya fara fid da kai. Baffa ya ɗora buhu ɗaya a ka, ya taka har ofishin gunduma, ya dire shi a gaban babban ma'aikacin, ya ce ya zo ne a koya masa yadda ake dafa shi, tunda ba shi da sauran amfani a gona. Daga nan sunansa ya fara tafiya ƙauyuka.

Da aka kaɗa gangar siyasa, mutanen jam'iyya suka zo da mota, suka zauna da shi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Kakarmu tana jin su daga bayan darni. Ba ta taɓa kama sunan Baffa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". Ta aiko ni in faɗa wa baƙin, in sun ɗauke wancan, wa zai riƙa buɗe mata tukunya? Baffa ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Iya, majalisa ai ba lahira ba ce. Ana zuwa a dawo."

Ya ci zaɓe, ya tafi babban birni. Kuma a shekarun farko ya cika alkawari. Duk ranar da ruwan shuka ya sauka, in ka duba hanyar rafi da hantsi za ka hango shi tafe, ya bar mota inda taɓo ya riƙe ta, takalmi a hannu, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Zai shiga ɗaki ya sa tsohuwar taguwarsa, ya zaga bayan ɗakin kakarmu, ya yi bisimilla, ya buga lakar da ƙotar sungumi. Har yau ina jin wannan ƙarar, da warin toka da ke biyo ta. Sai ya wuce gaba yana sara, mu muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Maƙwabcinmu yakan tsokane shi daga kan iyaka.

"Ɗan majalisa, ka bar mana sara mana, kai ka riƙe surutu."

"Can ma sara muke yi," in ji Baffa, "sai dai ba a jefa komai a ramin."

Mukan ji muryarsa a rediyo yana maganar rijiya, da hanyar fitar da amfanin gona, da takin da ba ya zuwa a kan kari. Ba ya ƙawata zance. Yadda yake magana a gindin tsamiya, haka yake yi a can. Aka sake zaɓe, ya sake ci. Sai wata rana rediyo ta ce an naɗa shi ƙaramin ministan aikin gona. An yi kiɗa a ƙofar gidanmu, an yanka sa. Kakarmu ce kaɗai ba ta fito ba, ta ce ƙafa ke damunta.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, geron bai cika ba. Baffa ya zo lokacin girbi da jerin motoci da ɗan sanda a bayansa. Yini ɗaya kawai zai yi, amma ya ce sai ya rufe tukunya. Ya tsince 'yan zangarniyoyin da suka yi kyau, ya cire agogo ya miƙa wa ɗan sandan, ya naɗe hannun riga, ya kwaɓa laka. Ya danna tafinsa, ya wanke hannu, motoci suka tashi.

Washegari na zaga na duba. A da, in Baffa ya danna hannu, shaidar takan fito sumul, saboda kanta ta cinye zanen tafinsa. Wannan karo kowane zane ya fito, har ƙananan na gaɓoɓin yatsu, kamar an zana da allura. Na sa hannuna a ciki, ya ɓace a tsakiyar nasa. Lakar da sauran sanyi.

Bazarar ta yi tsawo. Rumbun ci ya ƙare tun kafin hadari ya fara haɗuwa, har ƙasansa aka share aka daka. Ba mu yi yunwa ba, Baffa ya aiko da buhunan shinkafa da masara. Amma geronmu mai gashi, duk duniya babu inda ya rage sai cikin tukunyar nan.

Ruwan shuka ya sauka da asuba, mai kyau, har ƙasa ta ƙoshi. Muka fito da sungumi muka jingine a zaure. Baba, mahaifina, ya tafi bakin rafi yana duban hanya har rana ta take. Washegari ya ba direban motar kasuwa saƙo. Amsa ta dawo a bakin direban: "Ya ce ku jira shi, yana tafe." Na yarda da gaske yake. Amma da yammar nan muka ji shi a rediyo, yana wata jiha mai nisa wajen rabon taki, yana jan hankalin manoma da kada su yi wasa da ruwan farko.

Aka sake yin ruwa. Gonakin maƙwabta suka fara kore, tamu tana nan ja. Ina zaune a tsakar gida na ji Inna tana yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, ƙasa fa tana bushewa."

"Ina gani."

"Laka ce kawai. In ya zo ai sai a ba shi haƙuri."

Baba ya dubi wajen ɗakin kakarmu. Sannan ya ce, "Yayana yana da rai."

Ya ɗauki ƙwarya ya tafi gidan maƙwabcinmu ya roƙo iri. Mutumin da gidansu ke da geron da babu irinsa, shi ne ya bi ta gaban tukunya cike, ya je roƙon na wani. Da shi muka yi shuka a makare.

Daga nan damina ta riƙa bin damina. Baffa yakan aiko da buhunan sabon iri daga ma'aikatarsa, gajere mai saurin nuna. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana ba da amfani, sai dai dole mu yini a gona muna korar tsuntsu da gwangwani. Shi kuwa sai da Sallah muke ganinsa, kuma ko ya zo zaure cike yake da masu neman aiki da masu ƙarar juna. Akwai hanya ɗaya da ta rage: ya fasa lakar da kansa, ya ce Baba ya rufe da nasa hannun. Amma yin haka miƙa gandu ne. Sau ɗaya na ga Baba ya tare shi a soron ciki, ya durƙusa.

"Yaya, maganar tukunyar nan. Ko za ka buɗe ta, in riƙe maka kafin Allah ya dawo da kai."

Baffa ya dubi ƙasa. Mutane suna ta sallama a waje.

"Bari dai," ya ce. "Baɗi da kaina zan zo. In na sakar maka wannan, me ya rage mini a gidan nan?"

A lokacin ban gane ba. Sai da na yi shekaru a ƙasar mutane na gane cewa wanda ya yi nisa da gida yakan riƙe wani ɗan abu guda da ƙarfi, don ya tabbatar wa kansa bai tafi ba.

Kakarmu takan zaga wajen tukunyar kowace safiya da sandarta. Ta ƙwanƙwasa cikinta da yatsa, ta kara kunne. Na tambaye ta me take saurare, ta ce abin da ke ciki rai gare shi, kuma tsufa yake yi kamar ita. Ta rasu da rani. Kafin Baffa ya iso an kai ta. Ya zauna karɓar gaisuwa tare da manyan baƙi, ya yi kuka kamar yaro, ya koma. Ba lokacin shuka ba ne, babu wanda ya ambaci tukunya.

Wata safiya muka kunna rediyo muka ji kiɗan soja. Kafin azahar labari ya bazu cewa an kama ministoci, manya da ƙanana. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyar Baffa ba. Wani ya ce yana kurkuku a kudu, wani ya ce ya gan shi a asibiti, wani ya faɗi abin da ya fi haka. Da damina ta zagayo, wani ɗan'uwanmu ya ce wa Baba tunda babu ranar dawowa, gara a ceci irin. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba.

"So kake in binne yayana da hannuna?"

Ba a sake tayar da zancen ba. Ɗakin kakarmu ya zama kango, ciyawa ta fito a bayansa. Mu yara muka daina bi ta wajen, ko da rana. In ka leƙa, hannun nan yana nan a buɗe, yatsu a miƙe, kamar mutum yana ce maka dakata. Zanzaro ya yi gida tsakanin babban yatsa da manuni. Baba yakan je ya gyara rumfar da ke kare tukunyar daga ruwa, amma ba ya duban bakinta.

Baffa ya dawo a motar haya, ƙarshen wata bazara, da 'yar jaka guda. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Babu ɗan sanda, babu mai kiɗa. Ya gaisa da kowa, ya tambayi kabarin kakarmu ko ruwa bai zaizaye shi ba, ya shiga ɗakinsa. Bai taɓa ba mu labarin inda aka ajiye shi ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Da ruwan shuka ya sauka, ya fito da tsohuwar taguwar nan. Duk gidan muka bi shi bayan kangon. Ya yi bisimilla ya buga, lakar ba ta motsa ba, ta zama kamar dutse. Sai da ya yi ta bugu har gumi ya karyo masa, sannan hannun ya tsage biyu. Geron yana nan lafiya lau a ido, toka ta yi aikinta, ko ƙwaro ɗaya babu. Baba ya ɗauki ƙwaya ya ciza, ya daɗe yana taunawa. Yana da wani irin a ɗaki, amma ya bar shi a can. Baffa ya wuce gaba da sungumi, muka bi shi, muka shuke gonar kaf.

Gero ba ya daɗewa bai huda ƙasa ba. Muka jira. Gonakin da aka shuka rana ɗaya da tamu suka fito layi-layi. Tamu shiru. Can da can wani ɗan tsiro zai leƙo, rawaya, ya kwanta kafin yamma.

Wannan ne abin da ba ya barina. Kullum da sassafe Baffa zai fita gona shi kaɗai. Zai bi layi, ya tsuguna, ya tona rami da yatsa, ya ciro ƙwayar. Ta kumbura ta ruɓe. Ya dube ta a tafin hannunsa, ya mayar da ita, ya rufe da diddige a hankali, ya matsa rami na gaba. Baba ya bi bayansa ya sake shuka da ɗayan irin. Sabon geron ya fito ya girma ya fid da kai, Baffa bai daina zagawa ba. Yakan bi zangarniyoyin yana shafa su da bayan hannu, ko zai ji tsinin gashi.

Da girbi ya zo, Baba ya kwaɓa laka ya je ya kira shi. Baffa ya ce, "Rufe abinka." Baba ya rufe, amma bai danna hannu ba. Haka tukunyar ta riƙa zama da laka sumul har ƙarshen ran Baffa. Da mulki ya dawo hannun farar hula, mutanen jam'iyya sun sake zuwa gindin tsamiya. Ya saurare su har suka gama, sannan ya tambaye su ko an yi ruwa a wajensu, kuma wane irin gero suke shukawa. Ranar kasuwa yakan tafi ƙauyukan nesa a ƙafa, ya bi layin masu damin gero yana dubawa. Mutane suna gaishe shi da "ranka ya daɗe, minista", yana amsawa, idonsa na kan dami. Bai samu ba.

Yanzu duk sun tafi, shi da Baba da Inna. Gandu ya watse a yawancin gidajen ƙauyenmu, kowa da gonarsa, iri kuma a leda ake sayensa a kasuwa. Namu gandun ya faɗo hannuna, gonar kuma ta kasa ciyar da mu, shi ya sa na fito. A nan tafiya gida ba a hannuna take ba, sai kafil ya yarda, sai iƙama, takardar izinin zama, tana da rai. Na san haka tun kafin in taso. Don haka a girbina na ƙarshe a gida, da aka kwaɓa laka, na kama wuyan hannun ƙanena na danna tafinsa a kai. Na ce masa daga yau tasa ce. Na taho ina ganin na rufe wannan ƙofa.

A daminar bara, na yini a hanya da iyalin kafil, wayata a kashe. Da na kunna na tarar da saƙon murya daga ƙanen nawa. Kafin in ji maganarsa sai da na ji ruwa yana dukan kwano a bayansa.

"Yaya, an yi ruwa mai kyau tun jiya. Muna sauraronka."

Na tsayar da mota a gefen titi na kira shi. Na ce me suke jira, hannun wa ke kan lakar? Kullum ba shi ke sake rufewa ba? Ya yi 'yar dariya, irin ta Baba.

"Hannuna ne, Yaya. Amma ai kai ka fara danna shi."

Ashe duk shekarun nan sai ya ji muryata yake buɗewa. Ni ina ɗauka kiran da yake yi mini na albishir ne. Na ce ya je wajen tukunyar yanzu, kada ya kashe wayar. Na ji takunsa a cikin taɓo, na ji bisimillarsa, na ji ƙotar sungumi ta sauka. Motoci suna wuce ni a guje, zafi yana tashi daga kwalta, ni kuwa warin toka nake ji.

Ranar nan a Aziziya, na sayi geron kanarin. Kafin a ɗaure ledar sai da na baza shi a hannu na duba, ko wani ɗan gashi ya maƙale a ciki. Babu. Na dawo inda na ajiye mota, ƙura ta rufe ta kamar kullum. Na dafa gilashin ina neman makulli, da na ɗaga hannu sai ga tafina a kan ƙurar. Kowane zane ya fito, har ƙananan na gaɓoɓin yatsu. Na tsaya ina dubansa. Sannan na sa hannun riga na goge.